Zaren Ƙudan Sallau

A shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji, ruwa ya fara hawowa yana cinye gonaki da tsibirai, aka kwashe mutanen Tungar Rimi aka kai su kan tudu a ƙasar Ngaski, aka ba su gidajen siminti masu zafi kamar tanda. A shekarar nan, gab da tashin garin, Sarkin Ruwansu ya rasu. A shekarar nan kuma ɗansa Sallau ya dawo daga wurin aikin dam, da hular kwano a kai da labari cike da baki.

Wata goma sha ɗaya Sallau ya yi a can, aikinsa ɗaukar kujera da laima yana bin wani Baturen injiniya. Amma in ka zauna da shi a gindin mangwaron bakin ruwa, sai ka rantse shi ya nuna wa Turawa inda za su zuba siminti. Ko Sallar Asuba zai je, da hular kwanon nan yake tafiya, sai ya kai ƙofar masallaci ya cire ta ya ajiye inda kowa zai yi tuntuɓe da ita.

To ga sarautar ubansa babu kowa a kai, kuma mutum biyu ake magana. Akwai Sallau, ɗan cikin marigayi, wanda tun yana yaro in ya shiga kwalekwale sai ya yi amai. Akwai kuma Hammadu, ɗan ƙanin marigayi, wanda ya girma a bayan tsohon yana riƙe masa filafili, ya san ruwa kamar tsakar gidansu. Aka ce nan da kwana ashirin Wakilin Hakimi zai zo ya naɗa wanda ya dace. Sallau yana son sarautar nan har ransa, kuma ya san in aka auna su da kamun kifi ba ya kai wa Hammadu gwiwa. Sai ya tuna wani abu da ya gani a Kainji.

Wata Lahadi ce ya riƙe wa Baturensa laima a bakin kogi, ya ga mutumin ya ɗauko ƙugiya wadda aka yi wa ado da gashin tsuntsu aka naɗe da zare. Ba tana a jiki, ba ƙullin tuwo. Ya wulwula ta a sama ya jefa, kafin a jima ya fito da kifin nan tsage mai tsawon hannu. Sallau ya tambayi kukun Baturen, kuku ya ce masa a bakin Turawa sunan abin ƙuda, kuma sirrin duk yana ga zaren. Iyakar karatun Sallau ke nan a wannan fanni, kuma shi a ganinsa ya sauke.

Washegari ya isa gindin mangwaro ya tarar masunta suna gyaran kalli, ragarsu ta kamun kifi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ku mutanen ga, ruwan da kunka sani ya mutu. Wanga ruwan gwamnati na. Kihin da ac ciki ya waye, ba shi cin tana."

Hammadu bai ɗaga kai daga kallinsa ba, ya ce, "To mi shika ci, Yaya?"

"Zare."

"Zare?"

"Zare da gashin tsuntsu. Ƙuda aka ce mai."

"Ai ƙudaje kyauta muka samun su nan. Tai bakin banda ka kwasa."

Aka kwashe da dariya. Sallau ya ji zafin abin, ya buga hular kwanonsa da tafi ya ce ranar da Wakili zai zo, a gaban idon kowa zai fid da giwan ruwa ba tare da abincin ƙugiya ba, in ya kasa a ba duk wanda aka ga dama sarautar. Babu wanda ya roƙe shi wannan alkawari. Da bakinsa ya yi shi, har yana neman shaidu.

Daga nan neman zare ya tashi. Ya fara da na gida. Matarsa Dudu tana kaɗi, ta tara abawa mai kauri za ta kai wa masaƙi. Ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar mazari tsirara.

"Maigida, wa yaɗ ɗauke min abawa?"

"Aikin sarauta za a yi da ita. Gobe in an ce miki matar Sarkin Ruwa sai ki gode."

"Ni dai zane nika so, don wanga ya kusa tona min asiri."

Ya naɗa abawar a ƙugiya da gashin zabo, ya je inda mata ke wanki ya jefa. Abawa ta sha ruwa ta kumbura ta yi kamar curin fura, gashin zabon ya kwance ɗaya bayan ɗaya ya bi ruwa. Mata suka tsaya da wanki suna ƙirga masa. Sallau ya janyo ƙugiyarsa ya dube ta ya ce laifin launi ne, don bai taɓa ganin farin ƙuda ba.

Sai ya koma kan maƙwabciyarsu Hajara, mai saƙar gwado, wadda ta shanya baƙin zare ɗanyen rini a kan danga. Ya zare ƙulli guda. Da yake gashin zabo ya ba shi kunya, ya tare zakaranta a bayan rumbu ya tuge masa wutsiya kakaf. Ya zauna ɗaure-ɗaure tun hantsi har azahar, yana jiƙa zaren da yawu yana yankewa da haƙori. Da ya fito, leɓɓansa da haƙoransa da gemunsa duk sun yi shuni, shi kuwa bai sani ba. Wata Bafulatana mai tallan nono ta tsayar da shi a hanya ta ce don Allah ya faɗa mata wadda ta yi masa baƙin leɓe, aikin ya yi kyau, tana da ƙanwa da za a yi wa aure.

Bai gama da ita ba sai ga Hajara tafe da zakara a hammata, ta juya shi ta nuna wa jama'a bayansa.

"Sallau, diba! Diba abin da kay yi! Kaji sun ƙi shi, ko cara ya daina!"

"Wa yac ce ni na?"

"Bakinka yac ce! Wanga shunin karohin mijina na, ko cikin duhu na san shi!"

Ƙudan nan na biyu da aka jefa shi ruwa, rini ya fita ya yi da'ira mai faɗin tabarma, har ƙananan kifayen bakin gaɓa suka watse. Sallau ya ce ya gane matsalar: zaren ƙauye ba ya kama kifin birni.

Ranar kasuwar Yelwa ya shiga jirgi mai inji, ya yi amansa na al'ada, ya sauka ya nufi rumfar Lawali mai ɗinkin hula, wanda ke sayar da zare iri-iri. Ya tsaya ya ce a fito masa da zaren da ya fi kowane.

Lawali ya dube shi daga hular kwano zuwa shuɗin gemu ya ce, "Na hula ko na riga?"

"Na ƙuda."

"Ƙudan ne ka son hula, ko kai za ka ɗaure shi kada shi gudu?"

Sallau ya yi masa bayani mai tsawo, har da nuna yadda Bature ke karkata kafaɗa. Abin mamaki, Lawali ya saurara da gaske, don mutum ne mai son sana'a ko ta wane ce. Ya ce in dai abin cikin ruwa zai zauna, to siririn zaren lailan ake so, irin wanda masunta ke ɗinke kalli da shi. A goga masa kakin zuma, a naɗa sosai, a ƙulle sau uku. Ba ya kumbura, ba ya zuba, ba ya ruɓewa. Ya ma yanko kamu biyu ya miƙa masa ya ce ya je ya gwada.

Shawara ce ta gaskiya, shi ya sa Sallau ya ture ta. Ya ce, "Zaren da Hammadu ka aiki da shi? Ni? Giwan ruwa sarki na cikin kihi, ba ya buɗa baki ga zaren talakawa. Alharini nika so."

"Alharini na gaske ya ƙare ga kasuwa tun ina yaro," in ji Lawali. "Yanzu ba ka ganinai sai ga ƙirjin tsohuwar riga."

Sallau na jin haka ya gyara zaman hular kwanonsa. Ya juya ya tafi ko sallama bai yi ba.

Akwai tsohuwar riga a gidansa, cikin adudu, rataye a kusurwar ɗaki. Rigar sarautar Sarkin Ruwa ce, an ba shi ajiyarta don shi ne ɗan marigayi, kafin ranar naɗi. Al'adar Tungar Rimi ita ce duk wanda ya hau sarautar sai a ɗinka masa aska ɗaya ta alharini a ƙirjin rigar. Asake huɗu ke jiki. Ja ta wanda ya sari garin, fara ta ɗansa, rawaya ta kakan Sallau, koriya ta ubansa. Da aka tashi garin, kaburburan mutanen nan huɗu duk ruwa ya rufe su, rigar kaɗai aka fito da ita.

Sallau ya sa reza ya ce sili ɗaya kawai zai zara. Ya fara da koriya, don a cewarsa gadonsa ce. Sili ɗaya ya ja na biyu, kafin la'asar askar ubansa ta koma ƙuda mai girman ɗan yatsa. Ya kwana biyu yana jefa shi, ko ƙarfasa ba ta shinshina ba. Ya jefa shi aljihu ya ce kifi ya ɗauka ciyawa ce. Ya warware rawaya. Wannan a jifa na uku ta maƙale a reshen wata bishiya da ruwa ya shanye, ya ja, igiya ta tsinke.

Yana cikin farke fara Dudu ta shigo ta kama shi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Mi kaka yi ma rigar Baba?"

"Asu ya shiga, shi nika hiddawa."

"Asun da ad da reza? Maigida, ka ji tsoron Allah. In Goggo Tamada ta gani, mutuwa za ta yi."

Goggo Tamada yayar marigayi ce, ita ce mafi tsufa a gidan, kuma ita ta riƙe rigar a cinyarta ranar da aka ƙetaro da su. Sallau ya ce in ya hau sarauta zai sa a yi wa rigar asake takwas na zinariya, Goggo ma sai ta yi guɗa. Dudu ta fita tana kuka. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

Farin ƙudan shi ya ƙarasa lalata shi. Ya jefa shi da sassafe, wani tsage da ke wucewa ya kai masa cizo ɗaya ya datse igiyar ya tafi da komai. Sallau ya ruga cikin gari da guntun igiya a hannu yana ihu, "Ya ci! Wallahi ya ci!" Aka tambaye shi ina kifin, ya ce wannan ƙaramar magana ce.

Sai ya zauna ya yi lissafi irin nasa. Ƙudan Bature bai wuce farce ba, ya kama kifi mai tsawon hannu. To giwan ruwa mai girman mutum fa? Ai sai ƙuda mai girman ɗan tsako, ko ya ɗan fi. Ya samo ƙugiyar kamun kada cikin kayan ubansa, ya tara gashin kaza fari tas, ya warware jar aska, wadda ta fi duka faɗi da tsufa, ya naɗe ta gaba ɗaya a jiki. Da ya gama ya ninke rigar ya mayar cikin adudu, ƙirjin yana ciki.

Ranar naɗi Wakili ya iso da hantsi, dattijo mai sanyin magana. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, gari duka ya fito, har da mutanen tungayen kusa da suka ji labarin ƙuda. Wakili ya yi addu'a ya ce, "Hakimi ya aiko ni da magana gajera."

Sallau ya miƙe da doguwar gorar da ya ɗaura wa igiyar ƙudansa a hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, a dakata da magana. Aiki tukuna."

"Ɗana, zamna ka ji saƙon, ba shi da tsawo."

"Ranka shi daɗe, giwan ruwa ba ya jiran saƙo."

Ya taka bakin gaɓa ya gyara hula, ya karkata kafaɗa irin ta Bature, ya fara wulwula abin nan a sama. Jama'a suka sunkuya. Jifan farko baya ya yi, ƙugiya ta faɗa cikin kwandon bandar da Hajara ta kawo talla, ta fizgo shi ya kife a ƙasa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kihi ashirin jiha guda, kuma gasassu! Ku ba shi sarauta!" Hajara ta bi kifinta tana tsincewa tana tsine wa ranar da aka haɗa ta danga da shi.

Sallau ya ce bakin gaɓa ya yi masa ƙunci, a kai shi cikin ruwa. Duk masu kwalekwale suka kau da kai. Hammadu ne ya tashi ya kwance nasa ya ce, "Shigo, Yaya. Amma don Allah ka zamna, kada ka tsaya."

Suna yin nisa kaɗan Sallau ya miƙe tsaye. Ya wulwula, ya wulwula, farin abin nan mai jan ciki yana yawo a sama. Ashe wata shirwa da ke shawagi a kan masu banda ta daɗe tana kallonsa. Ta naɗe fikafikai ta sauko ta sure shi da ƙafa ta yi sama. Igiya ta miƙe. Sallau ya rungume gora yana ihu, "Hammadu, tuƙa! Tuƙa, ta kama!"

"Ina zan tuƙa, sama?"

Sallau ya ja da baya taki ɗaya, ya ƙara na biyu, na uku babu kwalekwale a ƙarƙashinsa. Ya faɗa tsundum. Hular kwano ta ɗan yi iyo ita kaɗai kafin ta cika ta nutse. Shirwa ta tafi da ƙuda da igiya, ta sauka can nesa a kan rimin tsohon gari, wanda har lokacin kansa bai gama nutsewa ba. Ta caccaki abin ta ga ba nama, ta bar shi nan a reshe ta yi gaba.

Hammadu ya kamo ɗan'uwansa ta mazagin wando ya jefa shi cikin jirgi. Aka kawo shi gaɓa yana tari yana fid da ruwa ta hanci, mutane kuwa wasu har sun kwanta ƙasa don dariya. Da numfashinsa ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun gani ko? Tsuntsun sama ma ya ruɗu. Ina ga kihi?"

Wakili ya share hawayen dariya da bakin rawaninsa ya ce, "To, yanzu ka bari in isar da saƙo? Kwana goma da sunka wuce Hammadu ya taho wurin Hakimi da ƙahwatai. Ya ce ba ya jayayya da ɗan wanda ya rene shi. Ya ce a ba ka sarauta, shi ya ji da aikin ruwa a bayanka. Hakimi ya yarda. Riga kawai naz zaka in sa maka. Da ka zamna tun ɗazu, da yanzu ana kaɗa ma ganga."

Sallau ya buɗe baki ya dubi Hammadu. Hammadu yana kallon ƙasa.

"Alkawarin da kay yi na giwan ruwa, wauta ce, na yahe ta," in ji Wakili. "A kawo riga."

Babu wanda ya taɓa ganin Sallau ya roƙi a jinkirta abin da zai ɗaukaka shi sai ran nan. Ya ce jikinsa jiƙe yake, a bari sai gobe. Ya ce rigar tana bukatar bugu. Wakili ya ce a kawo ta haka nan. Dudu ta taho da adudu a kai, ta rufe fuska da gyale, ta ajiye ta koma bayan mata. Aka ɗago Goggo Tamada aka zaunar da ita kusa, don bisa al'ada ita ke buɗewa. Ta zaro rigar ta warware ta a kan cinyarta.

Ƙirjin rigar fayau yake. Babu komai sai layukan hujin allura, da inuwar inda asake suka zauna shekara da shekaru.

Dariya ta ɗauke. Wakili ya ce, "Ina asake?"

Sallau ya yi ƙasa da murya, amma wurin ya yi tsit har na baya sun ji. Ya ce rawaya tana jikin wata bishiya a ƙarƙashin ruwa. Fara tana cikin tsage. Ja kuwa, ya ɗaga hannu ya nuna rimi. Kowa ya juya. Can nesa ana hango ɗan jan abu ya warware yana kaɗawa a reshe.

Wakili bai yi faɗa ba. Ya karɓi rigar ya kira Hammadu ya zura masa ita haka nan, ya ce wanda aka ba ajiyar kwana ashirin ya kasa, ba a ba shi ajiyar gari. Hammadu ya tsaya cikin rigar yana hawaye. Makaɗi ya ɗaga gangarsa, ya duba fuskokin mutane, ya mayar da ita ƙasa.

Goggo Tamada ta yafito Sallau da hannu. Ya zo ya durƙusa, ruwa na ɗiga daga gemunsa da har yanzu bai gama sakin shuni ba. Ta dube shi ta ce, "Gwamnati ta nutsad da kaburburansu, ta ba mu ɗakunan siminti. Kai mi za ka ba mu?"

Sallau ya laluba jikinsa kamar mai neman amsa. Hannunsa ya faɗa aljihu ya ci karo da ɗan koren ƙudan nan da kifi ya ƙi. Ya fito da shi jiƙe, ya miƙa mata da hannu biyu.

Tsohuwar ta karɓa ta kai shi kusa da ido. Ta gane zaren, don ita ta zaɓa wa ƙanenta shi a kasuwar Yelwa ranar da aka naɗa shi. Ta lanƙwasa bakin ƙugiyar a jikin dutse don kada ta soke ta, ta ƙulle abin a gefen zanenta. Sannan ta miƙa wa Dudu hannu ta ce ta tashe ta, ta kai ta gida.